Kare Ya Ciji Mutum, Wa Zai Biya?

Lacca da aka gabatar a gaban taron lauyoyi, ma'aikatan lafiya, masu unguwanni da ɗaliban shari'a



A mafi yawan unguwanninmu, in kare ya ciji mutum, shari'ar tana ƙarewa tun a ƙofar gida. Samari su bi karen da sanduna su kashe, a ja mushensa zuwa juji. Mai karen ya zo da dattijo guda ya ba da haƙuri, in yana da mutunci ya ajiye kuɗin allura. Uban yaro ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Kafin magariba an rufe magana. Sai bayan watanni, da ciwon ya ƙi warkewa, ko yatsa ya sandare, ko yarinya ta tashi da tabon da za ta kai gidan miji a fuskarta, a tuna da lauya. Shi kuwa lauya tambaya ɗaya zai yi, wadda ba wanda ya shirya mata: kafin ranar da abin ya faru, wa ya taɓa gaya wa mutumin nan cewa karensa yana cizo, kuma a gaban wa aka gaya masa?

Kusan duk shari'ar cizon kare a Najeriya a kan wannan tambaya take tsayuwa ko ta faɗi, a kotun da ke bin dokar Ingila ko a wadda ke bin Malikiyya.

Amma asibiti na gaba da kotu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda dabbar da ake zargi ke ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, da wuya a ga wanda ya tashi. Abin da hukumar ta ce a yi shi ne a wanke ciwon da ruwa da sabulu na minti 15, sannan a garzaya a fara allurar rigakafi a ranar. Nan ne lafiya da shari'a suka haɗu. Karen da aka kashe aka jefar ya tafi da amsa biyu: ba za a san ko mahaukaci ba ne, kuma gobe mai shi yana iya rantsuwa cewa nasa yana ɗaure a gida. In an bar shi da rai, likitan dabbobi ya tsare shi kwana 10 ya ga halinsa. In kuma ya riga ya mutu, ana iya aika kansa cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato a gwada ƙwaƙwalwarsa. Takardar da za ta fito daga can ta fi bakin shaidu goma a gaban alƙali.

To, dokar fa? Najeriya ta gaji dokokin Ingila na gama-gari, kuma a cikinsu an kasa dabbobi gida biyu. Akwai na daji, irin su zaki da kura, waɗanda duk wanda ya ajiye su ya ɗauki alhakin ɓarnarsu ba tare da wata gardama ba. A 1846 aka yanke wa wani mai biri a Ingila hukuncin biyan matar da birinsa ya ciza, kuma har yau ɗaliban shari'a suna karanta wannan hukunci. Sai na gida, kuma kare yana cikinsu. Doka tana ɗaukar kare a matsayin mai lafiya har sai an nuna cewa wannan karen na musamman yana da halin far wa mutane, kuma mai shi ya san haka. In an tabbatar da waɗannan abubuwa biyu, ba a tambayar ko ya yi sakaci. Ko sarƙa ce ta tsinke, ko yaro ne ya bar ƙofa a buɗe, shi zai biya.

Sanin nan yana da faɗi ta wani gefe, yana da ƙunci ta wani. A shari'ar Daryani da Njoku ta 1965, an nuna cewa karen ya taɓa cizon wata 'yar aikin gida, kuma an kai ƙorafi wurin matar mai karen. Kotu ta ce abin da matar gida ta sani, mai gida ya sani. Ba lallai ba ne ma sai karen ya taɓa zubar da jinin wani. In an san yana zabura zai ciji mutane, ya isa. Ƙuncin kuwa, a 1896 wata kotun Ingila ta ƙi karɓar shaidar cewa kare ya taɓa cizon akuya a matsayin hujjar cewa mai shi ya san zai ciji mutum. Saboda haka maƙwabcin da zai zo kotu ya ce karen nan ya gama da kajin unguwa, labari ya kawo, bai kawo shaida ba.

Wanda bai iya tabbatar da sanin mai kare ba, akwai wata ƙofar, ta sakaci. A 1972, a shari'ar Draper da Hodder, wasu ƙananan karnuka sun fita a garke daga gidan mai kiwonsu suka shiga maƙwabta suka yayyaga wani yaro ɗan shekara uku. Ba su taɓa cizon kowa ba. Duk da haka kotu ta ce duk mai kiwon karnuka ya san abin da suke iya yi in sun haɗu a garke, don haka barinsu sake sakaci ne. Mafarautanmu da ke ratsa gari da karnuka ashirin a lokacin rani, da masu gidajen haya da ke sakin manyan karnukan Turai a tsakar gidan da 'ya'yan 'yan haya ke wasa, duk wannan hukunci ya shafe su. Mutane da yawa suna tune da abin da ya faru a Igando ta Legas a 2014, inda karnuka suka yage fatar kan wani yaro ɗan shekara huɗu a gidan da iyayensa ke haya, har sai da aka fita da shi Indiya.

Malaman da ke zaune a nan sun san cewa fiƙihu ya riga kotunan Ingila taɓa wannan mas'ala da ƙarnuka masu yawa. Asalin hukunci, kamar yadda ya zo a Buhari da Muslim, shi ne raunin da dabba ta yi don kanta babu lamuni a cikinsa. Amma malamai ba su bar maganar a sake ba. A Muwaɗɗa akwai hukuncin raƙumar Bara'u ɗan Azib da ta shiga gonar mutane, inda aka ɗora wa masu gona tsaron rana, aka ɗora wa masu dabbobi lamunin ɓarnar dare. Game da kare mai cizo kuwa, abin da ya zo a Mudawwana ta mazhabar Imamu Malik shi ne: in mutum ya ajiye shi inda aka halatta masa, kamar wurin kiwo ko gona, ba ya lamuni sai an riga an gargaɗe shi, in kuwa ya ajiye shi inda ba a halatta ba, kamar cikin gidaje, alhali ya san yana cizo, to ya lamunta. Masu sharhin Muhtasar na Halil sun bayyana cewa gargaɗin nan a gaban hukuma ake yi, ko a kafa masa shaidu, kamar yadda ake yi wa mai katangar da ta karkata za ta faɗa wa masu wucewa.

Wani zai ce ai yanzu kowa na ajiye kare a gida saboda ɓarayi. Wannan ma tsohuwar magana ce. An ruwaito cewa Ibn Abi Zaid, mai Risala, ya ajiye kare da katangar gidansa ta rushe, da aka tuna masa Malik ya karhanta haka, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki zai ajiye. Halaccin ajiye kare abu ne daban, ɗaukar nauyin abin da ya aikata abu ne daban.

A nan ne mai wannan lacca yake ganin al'adarmu tana cutar da mu. Yafe cizon farko alheri ne, ba wanda zai hana. Amma in an yafe aka kuma bar kaza cikin gashinta, ba a gaya wa mai unguwa ba, ba a kira kowa shaida ba, to an yafe haƙƙin da ba na mai yafewar ba, wato na yaron da za a ciza nan gaba. Mai unguwa ya rubuta layi uku a littafinsa, ranar kaza an gargaɗi wane kan karensa a gaban wane da wane, wannan kaɗai ya cika sharaɗin da dokokin biyu suke nema.

Da an tsallaka iyaka daga Jibiya zuwa Maradi sai lissafin ya canza. Nijar ta gaji kundin dokokin farar hula na Faransa, wanda sashensa na 1385 ya ɗora alhakin ɓarnar dabba a kan mai ita ko wanda ke amfani da ita, tana hannunsa ne ko ta ɓata ko ta kuɓuce. Ba a tambayar ko ya sani. Ingila kanta ta sake fasalin tsohuwar ƙa'idar da dokar dabbobi ta 1971, ta ƙara da dokar karnuka masu haɗari a 1991. Mu ne muke riƙe da tsohon yayin.

Me za a biya? Kotunan Najeriya sun raba diyya biyu. Akwai asarar da ake iya ƙirgawa: kuɗin allurai, ɗinki, magani, motar zuwa asibiti, cinikin da mai tireda ko ɗan acaɓa ya rasa yana kwance. Wannan sai an lissafa shi filla-filla a takardar ƙara, an kuma kawo rasit. Lauyoyi sun sha ganin mutum ya kashe dubban ɗaruruwa a kemis, babu ko takarda ɗaya a hannunsa, alƙali ya tausaya masa amma ya kasa ba shi komai a wannan ɓangare. Sai kuma diyyar raɗaɗi da tabo da naƙasa, wadda alƙali ke ƙiyastawa bisa rahoton likita da abin da idonsa ya gani, shi ya sa hoton ciwon tun yana ɗanye yake da daraja. A kotun Musulunci wasu gaɓoɓin suna da ƙayyadadden farashi: cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce ko dinari 1,000, yatsa raƙuma 10, haƙori 5. Raunin da ba a ƙayyade masa ba alƙali ke kimanta shi, kuma a Malikiyya ba a yanke diyyar rauni sai ya warke an ga abin da ya bari. Wanda ya karɓi 'yan kuɗi a makon farko ya sa hannu cewa ya janye, ya yanke wa kansa hukunci kafin lokacin da shari'a ta yarda alƙali ya yanke.

Mai kare ma yana da abin faɗi. Ɓarawon da ya haura katanga, ko wanda ya tsokani kare da jifa, ba su da bakin neman diyya, kuma sakacin wanda aka ciza yana iya rage abin da za a ba shi. Amma allon da aka rataya a ƙofa da Turanci cewa a yi hattara da kare ba ya wanke kowa kai tsaye. Almajiri ɗan shekara takwas ko 'yar tallar da aka saba kira ciki a sayi ƙosai ba su karanta shi ba, kuma allon kansa yana iya zama shaidar cewa mai gida ya san halin abin da ya ajiye.

Ba dole sai an shigar da ƙarar farar hula ba. In 'yan sanda sun gurfanar da mai kare kan sakaci, kundin Penal Code a sashe na 78 ya ba kotu ikon sa wanda aka kama da laifi ya biya wanda ya cuta, haka ma dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda Kaduna ta yi irinta a 2017, Kano a 2019. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya tuntuɓar Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa tun 1976. Sulhu kuma yana nan, a gaban dagaci ko a zauren sasanci na kotu, muddin za a rubuta abin da aka amince a kai a kuma bar ƙofa ga kuɗin jinyar da bai zo ba tukuna.

Sai a kula da lokaci. Kowace jiha tana da wa'adin shigar da ƙarar rauni. A Legas shekara uku ne, don haka a tambayi lauya na jihar da abin ya faru tun da wuri. In kuwa karen na wata hukuma ne, yana hannun jami'i a bakin aiki, dokar ba jami'an gwamnati kariya wata uku kacal ta bayar, kuma iyali da yawa suna cinye watannin nan a jinya da jiran alkawarin za a duba. Karen da ba shi da uban gida, mai kwana a juji da bakin mahauta, shi ne babu wanda za a kai ƙara a kansa cikin sauƙi. Wannan aikin majalisun dokoki na jihohi ne da ƙananan hukumomi: rajistar karnuka, allurar rigakafinsu kowace shekara, da dokar da za ta ɗora alhakin cizo a kan mai kare tun daga na farko, kamar yadda take a Maradi da Damagaram.