DAGA GWARAM ZUWA BAHAR MALIYA: BAHAUSHE A BAKIN TEKU



Lokacin da nake karatu a Ingila, akwai wata al'ada ta ɗaliban can da ta daɗe tana ba ni mamaki. Da zarar an ba da hutun bazara, sai ka ga saurayi ya cusa tufafinsa da ɗan tanti da tukunya cikin wata doguwar jaka, ya goya ta a baya, ya kama bakin teku yana tafiya a ƙasa. In ya sami jirgin da iska ke korawa ya shiga, a sauke shi a wani tsibiri, ya kafa tanti ya kwana biyu, sa'an nan ya yi gaba. Wani abokina ya taɓa tambayata ko mu ma muna da irin wannan. Na ce masa a'a, mu mutanen tudu ne. Sai daga baya na gane ban faɗa masa daidai ba. Kakanninmu sun yi tafiyar ƙasa da kaya a ka, sun bi gaɓar teku, sun kwana a tsibirai, sun shiga jirgin iska. Abin da ya bambanta shi ne, su ba shaƙatawa ta fitar da su ba, aikin hajji ne.

Zan soma daga Birnin Kudu da Gwaram, don can na fara jin labarin. Galibi in an ambaci Birnin Kudu a jami'a, zanen shanu na Dutsen Mesa da Dutsen Habude ake nufi, da duwatsun kiɗa waɗanda Bernard Fagg ya bayyana wa masana a 1955. Wannan daidai ne, amma garin yana da wani matsayi da ba a cika faɗa ba, watau yana bisa hanyar gabas. Wanda ya taso daga Kano ta Wudil, ya ratsa Birnin Kudu da Gwaram, to ya fuskanci ƙasar Barno ke nan. Gabas kuwa ta daɗa jan hankalin mutane bayan 1903, shekarar da Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira, aka kashe shi a Burmi ran 27 ga Yuli, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya zarce da sauran jama'a har bakin Shuɗin Nilu a Sudan, inda garin Mai Wurno yake har yanzu. Daga nan sai ya zamana mahajjacin ƙasa yana da 'yan'uwa a gaba.

Tsakanin Kano da Bahar Maliya ya fi mil 2,000. Ana bi ta Maiduguri da Dikwa, a ƙetare zuwa Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, sai Abeshe ta ƙasar Wadai, sai Janaina da Fashir a Darfur, har Ubayyid, inda jirgin ƙasa ya iso tun wajen 1912. Tafiya ce mai tsawo, amma fa ba baƙuwar aba ba ce ga Bahaushe. Mutumin da kakansa ya je Gwanja sayen goro ya san madugu, ya san jagaba, ya san zango. Ya san yadda ake naɗa gammo, a ɗaura salka, a rataya gafaka. Muhimmin abu kuma, yana tafe da sana'arsa. Wanzami ya yi aski, malami ya yi rubutu, mace ta soya ƙosai, majiyi ƙarfi ya yi ƙodago. In guzuri ya ƙare sai a zauna a yi noma damina guda, ko a tsinci auduga a Jazira, wadda aka buɗe gonakinta bayan gina madatsar Sennar a 1925. Saboda haka ne tafiyar takan ci shekaru, wasu ma har su hayayyafa a hanya. Masani Bawa Yamba ya rubuta littafi a 1995 a kan waɗanda suka zauna a Sudan, jikoki da tattaɓa kunne, suna ce wa kansu matafiya har gobe.

To, duk wannan gwaninta a bakin ruwa take ƙarewa, kuma nan ne nake so mu daɗe. Ku duba harshenmu. Muna da kalmomi barkatai na jaki da mangala da zango, amma jirgi ɗaya ne, asalinsa na fito a gulbi, sai muka riƙa ƙara masa na ruwa, na ƙasa, na sama. Ita kanta Bahar Maliya aro ce daga Larabci, ma'anarta ruwan gishiri. Mutumin da ya taka mil 2,000 da ƙafarsa, yana mai ra'ayin kansa, in ya zo mil 200 na ƙarshe sai ya koma kaya a hannun wani.

Ƙofar da hukuma ta yarda da ita ita ce Sawakin. Tsohon garin a kan ɗan tsibiri yake, an gina gidajensa da dutsen murjani na teku, aka haɗa shi da tudu da gada a ƙarni na 19. Da Turawa suka kafa Port Sudan a 1905 sai ciniki ya ƙaura, gidajen suka soma rushewa, amma aka bar wa Sawakin mahajjata. Nan ake killace mutane don binciken lafiya, a yi musu lamba da allura, a nemi fasfo, da kuɗin jirgin hayaƙi na zuwa da dawowa, da harajin da hukumar Hijaz ta ɗora. Ba na cewa waɗannan dokoki ba su da dalili. Kwalara da agana sun sha yin ɓarna a lokacin hajji. Amma a ganina waɗanda suka tsara su sun yi lissafi ne da mai kuɗi a hannu, alhali mahajjacin ƙasa kuɗinsa a cikin ƙarfinsa suke, yau ya samu, gobe ya ci.

Abin da ya biyo baya shi ne satar hanya. Maimakon Sawakin, talaka sai ya ratse ta Kasala ya shiga Eritriya, wadda take hannun Italiya har 1941, ya gangara Masawa ko wani lungu na gaɓar da babu ma'aikaci. Can zai sami sambuk, watau jirgin katako na Larabawa mai babban ƙyalle da iska ke turawa, ba inji, ba rufi. Masanin tarihi Jonathan Miran ya bi diddigin wannan fito na ɓoye daga shekarun 1920 zuwa na 1950 cikin takardun Turawan mulki, abin da ya samu kuwa ya yi daidai da abin da tsofaffinmu ke faɗi.

Ina yaro, wani dattijo na ƙasar Gwaram, Allah ya ji ƙansa, yakan ba mu labarin nasa fiton. Ya ce da dare aka loda su, aka ce kowa ya yi shiru. Abin da ya fi tsaya masa a rai ba igiyar ruwa ba ce, ƙishirwa ce, ga ruwa iyakar ganinka amma ba na sha. Da iska ta ɗauke, sai mai jirgi ya sauke su a wani tsibiri, ba itace, ba rijiya, suka kafa zannuwansu bisa sanduna suka fake, idonsu na kan jirgin, don tsoron kada a wayi gari ya tafi. Bai san sunan tsibirin ba, kuma babu wanda ya gaya masa. Wanda ya dubi taswira zai ga dalilin tsayawar: gaban Masawa akwai tarin tsibiran Dahlak, a ɗaya gefen kuma na Farasan, ga duwatsun murjani a ƙarƙashin ruwa waɗanda ke fasa jirgi, har masu sambuk da yawa ba su son tafiyar dare a cikinsu. Iskar kudancin tekun ma juyawa take yi, daga kudu a watannin sanyi, daga arewa a watannin zafi, shi kuwa watan Zulhajji yana zagaya shekara, bai jiran iska.

Tsoron dattijon ba na banza ba ne. Wanda ya shiga jirgi a ɓoye ba shi da wurin kai ƙara. An yi masu jirgin da suka karɓi kuɗi suka zubar da mutane inda ba nan aka yi alkawari ba, an kuma yi waɗanda suka sayar da mata da yara, gama ba a soke bauta a Saudiyya ba sai 1962. Wanda ya tsira kuma ba Jidda ake kai shi ba, don can akwai ma'aikata. Can kudu ake sauke shi, wajen Jizan ko Ƙunfuza ko Lis, ya sake ɗaukar kayansa ya bi gaɓar Tihama cikin zafi da gumi, teku a hagunsa, duwatsu a damansa. Daga Ƙunfuza kaɗai akwai wajen mil 200 kafin Makka. Sai ya iso Yalamlam, miƙatin mutanen Yaman, ya ɗaura harami tare da su.

A can ana kiran irin waɗannan baƙi Takruri, sunan da ya samo asali daga tsohuwar daular Takrur ta bakin kogin Senegal. Daga nan muka sami kalmar takari, wadda a bakin mutanen yau ta koma nufin wanda ke zaune Saudiyya ba takarda. Ɗaliban harshe su lura da wannan faɗuwar daraja: suna ne na alhazan da suka zo da ƙafa, ya zama abin gori.

Hanyar ta mutu a hankali. Motocin kamfanin jigilar alhazai na WAPA, wanda sunansa ya bi wata unguwa a Fagge, sun rage wahalar tudu, jirgin sama daga Kano ya ɗauke ta teku tun shekarun 1950, sa'an nan aka kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975. Ruwan dai yana nan yadda yake. A 2023, da yaƙi ya ɓarke a Sudan, ta Port Sudan aka riƙa kwashe dubban mutane a jiragen ruwa zuwa Jidda. Shi kuwa dattijon namu, da muka tambaye shi abin da ya komo da shi daga tafiyar, sai ya shiga ɗaki ya fito da wani ƙoƙon kifin teku fari, wanda ya tsinta a tsibirin nan, yana zuba allurai a ciki.