Jawabi Kan Haƙƙin Yaran Shago, Direbobi Da Masu Gadi



An nemi in yi magana kan dokar ƙwadago, domin a cikinmu akwai masu ɗaukar yara aiki, akwai kuma 'ya'yanmu da ke gadi da tuƙi a kamfanonin mutane. To, abin ya shafi kowa.

A da, in mai gida ya gaji da ma'aikaci sai ya ba shi kuɗin notis ya ce Allah ya raka taki gona, kotu ba ta tambayarsa dalili. Yanzu zani ta canja. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1976, ta sami ƙarfi bayan gyaran tsarin mulki na 2010, har ya zama rigimar aiki ita kaɗai ke fara saurarenta. Tana da reshe nan Ibadan. A 2015, a shari'ar wani ma'aikaci da bankin Diamond, ta ce korar mutum ba tare da dalili ba rashin adalci ne. A 2020 kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar wa wata ma'aikaciyar kamfanin Sahara Energy albashin shekara 2 saboda an kore ta ba bisa ƙa'ida ba. Ba kowace shari'a ce ke ƙarewa haka ba, amma dai kun ga inda aka dosa.

Wani zai ce ai wannan zancen bankuna ne. A'a, Alhaji. Dokar ƙwadago ta 1974 ta hau kan leburanka da direbanka. Ta ce cikin wata 3 da fara aiki ka ba shi takarda mai bayyana aikinsa da ladansa da yadda za a rabu. Mu kuwa sai mu ce ai yarda ce. Yardar nan tana nan lafiya har ranar da kaya suka ɓace tsakanin Bodija da Sabo, sannan kowa ya kawo nasa lissafin, ba shaida sai rantsuwa. Alhali tun muna Islamiyya aka karantar da mu a Suratul Baƙara cewa bashi ma a rubuta shi.

Nan ne ma yawancinmu ke faɗawa rami. Yanke albashin yaro don ya yi asarar kaya, doka ba ta yarda ka yi da kanka ba, sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago. Notis kuma yana bin daɗewa: wanda ya wuce wata 3 mako 1 ne, shekara 2 zuwa 5 mako 2, daga shekara 5 wata guda, ko ka biya kuɗinsa.

Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai tilasta wa mai ma'aikata ƙasa da 25 ba. Sai dai yaranmu masu gadi a manyan kamfanoni su sani ya shafe su, kuma su daina dangwala hannu a takardar da ba a karanta musu ba.

Ina roƙon sakatare ya nemo lauya ya tsara mana takardar ɗaukar aiki mai shafi ɗaya, da Hausa da Turanci, a kawo ta taro mai zuwa kowa ya ɗauka.