Dokoki Biyu a Bakin Komadugu



An ce in yi magana kan dokar halitta, to bari mu fara da kogin da ke bayan garin nan na Difa. Yawancin ruwan Komadugu Yobe ba a sararin Difa ya zubo ba. Daga tsaunukan Jos da ƙasar Kano yake tasowa, ya biyo kogunan Jama'are da Haɗeja, ya yi jinkiri a dausayin Nguru, ya wuce Gashuwa da Gaidam, sannan ya iso mana kan hanyarsa ta Boso da tafkin Cadi. Shi ya sa kogin ke tumbatsa bayan damina ta ɗauke, daidai lokacin da tattasai ke neman ban ruwa. Ruwa gangare yake bi, kuma ƙarfin da ke jan sa ƙasa shi ne Newton ya fitar da lissafinsa a 1687. Irin wannan doka ba a karya ta, ba a ɗaukaka ƙara a kanta. Ambaliyar kogin nan ta 2019 ta ci gonar mai adalci, ta ci ta azzalumi.

Magabata sun yi jayayya kan tushen wannan doka. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ce wuta ba ta ƙona auduga da ikon kanta, Allah ne ke gudanar da al'adarsa. Ibn Rushdi na Andalus ya mayar masa cewa in aka soke sababi, ilimi ma ya rushe. Amma da za a ba kowannensu fartanya a fadamar nan, gangare zai ja wa ruwa hanya.

Doka ta biyu ita ce ta ɗabi'a, wadda Toma Akwinas ya ce hankalin kowane ɗan Adam na iya gano ta, mu kuma muke danganta ta da fiɗira. Ita ana karya ta, kullum ma. Ku duba can saman kogin nan: an gina madatsar Tiga a 1974, aka gina ta Challawa a 1992, dukansu a jihar Kano. Kimiyya ta nuna yadda za a tare ruwa, kuma ya taru. Amma nawa za a sako wa na ƙasa? Nan kimiyya ta yi shiru. Abin da David Hume na Sikotlan ya lura da shi ke nan a ƙarni na 18: sanin yadda abu yake ba ya gaya maka yadda ya kamata a yi.

Na yarda da shi, amma ba duka ba. Manomin da ke tsaye kan injin ban ruwansa, tiyo na zuƙo laka maimakon ruwa, ba ya buƙatar littafi kafin ya san cewa na sama ba shi da ikon shanye kogi shi kaɗai. Fiƙihun Malikiyya ya faɗi haka tun tuni: na sama ya shayar da gonarsa har ruwa ya kai idon sawu, sannan ya sake wa na ƙasa. Yarjejeniyar da Nijar da Najeriya suka sa wa hannu a Maiduguri a 1990 kan raba ruwa bisa adalci, wannan tsohon hukunci ne a cikin tufafin gwamnati.

Abin da nake tsoro shi ne cakuɗa dokokin biyu. Ruwa ya yi ƙaranci, sai mu ce haka Allah ya so, mu naɗe hannu. Wani ɓangare ƙarancin ruwan sama ne, gaskiya. Wani kuwa hannun mutum ne ya buɗe ƙofar madatsa ko ya rufe.

Ɗaliban Jami'ar Difa, rarrabe waɗannan biyun aikinku ne. Ku auna ruwan kogin nan a Bagara kowace shekara, ku rubuta, ku kai wa hukumar haɗin gwiwar Nijar da Najeriya.