Buzuzu Ma Da Ranarsa

Yau hirarmu a kan buzuzu ce, ƙwaron nan mai mirgina kashin dabbobi. Kada ku yi dariya, akwai masanan da bincikensa ne aikinsu.

Shi buzuzu yakan binne kashi a ƙasa, macen ta yi ƙwai a ciki, 'ya'yan su tashi suna ci. Ta haka taki ke shiga ƙasa, ruwan sama ya bi ramukan, ƙudaje da tsutsar cikin dabbobi kuma su rasa wurin hayayyafa. Mutanen Ostireliya sun ga abin da rashinsa ke jawowa. Turawa sun kai shanu can a 1788, amma buzuzun ƙasar bai saba da kashin shanu ba. Kashi ya rufe makiyaya, ƙuda ya addabi jama'a. Sai da aka yi shiri daga 1965 zuwa 1985 na shigo da buzuzu daga Afirka da Turai.

To, yaya ake binciken? Sai a binne ɗan bokiti, bakinsa daidai da ƙasa, a rataya kashi a samansa. Bayan kwana ɗaya ko biyu a zo a ƙirga waɗanda suka faɗa, a rarrabe irinsu. Idan aka kwatanta daji mai itatuwa da wanda aka sare, akan ga ire-iren sun ragu, manyan ne ke fara ɓacewa.

Batun zafi kuwa, wata malama a Jami'ar Tennessee ta Amurka, Kimberly Sheldon, ta kifa wa buzuzu 'yan rumfunan roba don ƙasa ta ƙara ɗumi. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna uwar takan ƙara zurfin rami, ta kai ƙwanta inda ke da sanyi. Kun ji dabarar uwa!

Ga inda abin ya shafe mu masu kiwon awaki da tumaki a gida. Maganin tsutsar nan ivermectin yakan fita cikin kashin dabba, ya kashe 'ya'yan buzuzu. Takin nan kuwa gona ake kai shi. Don haka kada mu riƙa ɗura magani da ka. A roƙi maigida ya tambayi malamin dabbobi lokacin bayarwa da yawan da ya dace.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.