Ƙusa Ɗaya, Yaro Ɗaya: Yadda Za Mu Sauƙaƙa Safiyar Makaranta



An ce in yi magana a kan wani abu da zai amfane mu a gida, wanda kuma ba zai ci kuɗi ba. Ni 'yar kasuwa ce, karatuna na yaƙi da jahilci ne, da girmana na koyi riƙe biro. Don haka abin da na sani shi zan faɗa, wato safiyar ranar makaranta, daga ƙarfe shida zuwa bakwai da rabi. Duk mai yara 'yan makaranta ta san wannan lokacin. Wannan yana neman safa ɗaya, waccan hijabinta bai bushe ba, ƙaramin yana kuka an ɗauke masa fensir, babban kuma sai a bakin ƙofa zai tuna malam ya ce a zo da tsintsiya. Ke ga koko a wuta, ga kayan sayarwa ba ki ɗaure ba, ga mai Adaidaita Sahu yana ta danna hon a waje.

Mun saba da abin har muna mayar da shi wasa, amma mu lissafa asarar da ke ciki. Yaron da ya makara, ko dai a sa shi tsintar leda a harabar makaranta, ko durƙuso, ko bulala, kafin ya shiga aji darasin farko ya yi nisa. A gidaje da yawa kuma babbar 'ya mace ce take ɗaukar nauyin. Ita za ta yi wa ƙanne wanka, ita za ta nemo takalmi a ƙarƙashin gado, ita ce ƙarshen fita. Kullum ita ce a layin 'yan makara, a hankali a fara cewa ba ta da ƙoƙari, ita ma ta yarda. Ranar da za a ce ta haƙura da karatun, ba wanda zai tuna daga neman safa aka faro. Dokar ilimin bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta ce kowane yaro ya yi shekara 9 a makaranta, 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, kyauta kuma dole. To amma doka ba za ta shigo tsakar gidanki ta nemo wa yarinya takalmi ba. Wannan aikinmu ne.

Mu kanmu muna asara. Wadda take sarin kayan gwari a 'Yankaba ta san in rana ta ɗaga na kirki ya tafi, sai ragowa. Mai waina da mai ƙosai sun san cinikin safe ba ya jiran kowa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowa ya ga yadda kuɗin mota ya koma, in yaro ya manta littafi aka koma ɗaukowa, kuɗin mota biyu ke nan. Da yamma kuma uwar adashi za ta aiko.

Maganin da na gani yana aiki shi ne a ware wuri guda a gida, duk kayan makaranta a nan suke kwana, a nan ake ɗaukarsu. Ni ina ce masa kusurwar 'yan makaranta. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, to wannan kusurwar ita ce wurin fafe gorar tun da dare.

Da farko, wurin. Ki zaɓi bango a kan hanyar fita, kusa da ƙofar ɗaki ko a baranda inda feshin ruwa ba ya kaiwa. Kada ki yi a soro, don yaran maƙwabta suna shiga, akuya ma ba ta ƙin takarda. In gidan yawa ne ko gidan haya, bayan ƙofar ɗakinki ya isa. Faɗin ƙaramar tabarma kawai ake bukata.

Na biyu, katako da ƙusa. Ki je wurin kafintan unguwa ki nemi ragowar katako mai tsawon ƙafa 3 ko 4, wani ma kyauta zai ba ki. A kafa masa ƙusa 'yar inci 3 ko 4, kowane yaro ƙusa ɗaya, a bar tazarar da jaka ba za ta hau kan jaka ba. A ɗan karkata ƙusar sama don kada jaka ta zame. Kafin a buga, a fara huda murfin robar lemo a zura ƙusar ta ciki, ko a naɗe kanta da tsumma, don kada ta yaga hannun jaka. Bangon siminti yana son ƙusar kankare guda biyu su riƙe katakon. Ginin ƙasa ba ya riƙe ƙusa in nauyi ya yi yawa, gara a rataye katakon da igiya daga azara. Wadda mai gidan hayarta ya hana huda bango, ta kafa a jikin ƙyauren katako, ko ta jera jakunkunan a kan tsohon benci. Tsayin kuma a kula, ƙusa ta zama saman kan yaro kaɗan, yadda zai ɗaga hannu ya rataya. Kada ta zo daidai idonsa.

Sai a rubuta sunan kowa a saman ƙusarsa. Wanda bai fara karatu ba, a ɗaura masa ƙyalle mai launi, wannan ja, waccan kore. Uwar da ita ma ba ta fara ajin yaƙi da jahilci ba, ƙyallen ya ishe ta, ba abin kunya ba ne. Za ku sha mamaki, yaro da yawa a nan yake fara gane haruffan sunansa, uwar ma haka.

Yawancin yaranmu makaranta biyu suke yi, boko da Islamiyya. Kada a haɗa littattafan a jaka ɗaya, nan ne ruɗani yake farawa. A ƙara ƙusa ta biyu a gefe, a ɗinka ƙaramar jaka da ragowar atamfa ko buhun shinkafa da aka wanke. Muna da teloli a ƙungiyar nan, ba sai mun je nesa ba.

Na uku, ma'ajiyar ƙananan kaya. Kwalin taliya ko na Indomie zai yi, amma a ɗora shi a kan bulo biyu, saboda danshi da gara. Wanda ya fi shi shi ne bokitin fenti mai murfi, a wanke shi tas, ƙura ba ta shiga, ɓera ba ya shiga. A ciki safa, hijabi, hula da bel za su zauna. Ga dabara a kan safa: ki sayi launi ɗaya iri ɗaya ga yaran da ƙafarsu ta yi kusa, irin wadda makaranta ta yarda da ita, duk biyun da aka ɗauko sun dace. In an wanke a cusa ɗaya cikin ɗaya kafin a ajiye.

Gwangwanin madara ko na Milo ya zama gidan fensir, biro, kilina da abin fiƙe fensir. A daddanne bakinsa da dutse don kada ya yanki hannu. Sababbin fensura kuwa ki ɓoye su a wurinki, ki kafa doka irin ta kasuwa, kawo guntu karɓi sabo. Zango ɗaya kusan mako 13 ne, in yaro uku kowanne yana ɓatar da fensir ɗaya a mako, fensir 39 ke nan, ya haura dozin uku. Da wannan dokar abin zai ragu sosai.

Na huɗu, takarda a bango. Ki yanki bayan kwali, a rubuta jadawalin darasi daga Litinin zuwa Juma'a da manyan baƙi, da ranar da ake sa kayan wasanni. A rubuta ranakun Islamiyya a ƙasa, tunda yawanci hutunta Alhamis da Juma'a ne, na boko kuma Asabar da Lahadi. In hannunki bai faɗa ba tukuna, babban yaro ya rubuta, ke ki zauna kusa ki bi shi da ido. A gefe a rataya guntuwar waya mai lanƙwasa, irin wadda masu shago ke soke rasit a jiki. Duk takardar da makaranta ta aiko, ta taron iyaye da malamai ce ko ta kuɗin jarrabawa, a soke ta a nan tun ranar da ta zo. Takarda nawa ce ta ruɓe a gindin jaka, sai ranar da aka koro yaro muka sani?

Na biyar, kuɗin tara da kuɗin mota. Wannan gwangwanin ba a kusurwa yake zama ba, a wurinki yake. Ranar Lahadi da yamma ki ware canji na kwana biyar, 'yan hamsin-hamsin, ɗari-ɗari da ɗari bibbiyu, ki ƙulla na kowace rana daban. Da sassafe canji wuya gare shi, kuma in kika miƙa wa yaro dubu ɗaya, kin san labarin da zai dawo da shi. Babban amfaninsa kuwa, hannunki ba zai riƙa shiga jari ba. Mu 'yan kasuwa mun san jari ba a rana ɗaya yake karyewa ba, da ɗari biyu ɗari biyu yake tafiya.

To duk wannan katako ne da gwangwani, abin da zai sa su yi aiki shi ne ɗabi'a biyu. Ta farko, yaro in ya dawo, ya rataye jaka, ya ajiye takalmi a ƙarƙashin ƙusarsa, ya cire inifom, sannan a zuba masa abinci. Inifom mai datti a wanke shi a lokacin, rana tana nan, kafin magariba ya bushe. Kula da gorar ruwa su ma a wanke a kife. Ta biyu, minti goma sha biyar da yamma, kafin duhu ko bayan isha'i. Kowa ya tsaya gaban jadawali, ya zuba littattafan gobe, ya nuna aikin gidan da aka ba shi. In an kawo wuta a yi guga nan take, kada a ce sai da safe, kun san halin wutar. In ba a kawo ba, ga dutsen guga na gawayi, ko a ninke kayan da kyau a sa ƙarƙashin katifa. Ruwan wanka a saya wurin 'yan garuwa tun da yamma. Abin karin kumallo ma a yanke shawararsa tun dare, ɗumame ne ko koko, don a san ko da gasara a gida.

Kusurwar tana bin yanayi. Da hunturu a ƙara basilin da rigar sanyi a bokitin. Da damina kowace jaka a sa mata leda babba a ciki, a zura littattafai, ko ruwa ya kama yaro a hanya littafi ba zai jiƙe ba. Lokacin zafi kuma a koya wa yara kakkaɓe takalmi kafin su zura ƙafa, saboda kunama. Abubuwan da ba sa zama a wurin sam: magani, reza, ashana, da maganin sauro. Abinci ma kada ya kwana a jaka, shi ke jawo ɓera da kyankyaso.

Makon farko da na biyu sai kin yi ta nanatawa, za ki ga jaka a kan gado, takalmi a bakin rijiya. Ki kira mai shi ya ɗauka da kansa, kada ki ɗauka masa. Yaro ɗan shekara huɗu zai iya rataye jakarsa. Kuma maza da mata duk doka ɗaya ce, namiji ma ya nemi safarsa. Babbar yarinya ta duba ƙanne da dare in ta gama nata karatun, amma da safe in lokacinta ya yi ta kama hanya, kada a tsayar da ita saboda sakacin wani.

Iyayen gida maza da kuke wurin nan, muna roƙonku abu uku. Ku kafa mana katakon. Ku ba da kuɗin makaranta tun da dare, kada sai an tsaya a bakin ƙofa ana jiran ku shafa aljihu. In kun dawo kuma ku leƙa wayar nan ta takardu, ko da abin da ya shafe ku.

Shawarata ta ƙarshe ga shugabanni ce. Zangon farko a watan Satumba yake farawa, lokacin kowa yake rububin littafi da safa, ɗai-ɗai kuma ya fi tsada. Me zai hana mu buɗe ɗan ƙaramin zubi tun watan Yuli, a tura mutum biyu Sabon Gari su yi mana sarin littattafan rubutu da fensir dozin-dozin, su biya Ƙofar Wambai su duba robobi da jakunkunan gwanjo, a zo a raba a kan kuɗin sari? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina roƙon a sa maganar cikin abin da za a tattauna a zama na gaba.

'Yan uwa, yau in kin koma gida ki duba bangon da ya dace, gobe ki biya wurin kafinta. A taron wata mai zuwa kowa ta zo ta faɗa mana abin da ya yi mata aiki da abin da ya ƙi, mu ƙaru da juna. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya sa albarka a kasuwarmu, Ya mayar da kowa gida lafiya.