A Ji Labari, A Tambayi Mai Shi

Maganar yau a kan labaran rediyo da na jarida ce. Wani labarin yakan rinjaya gefe ɗaya, kamar mangalar da aka cika wa aljihu guda. Irin wannan labari yana iya juya tunanin ƙasa sukutum.

Ga misali. Ran 2 ga Agusta 1990 sojojin Iraƙi suka mamaye Kuwaiti. Ran 10 ga Oktoba wata yarinya mai shekara 15, wai ita Nayirah, ta ba da shaida gaban wasu 'yan majalisar Amurka. Tana kuka ta ce ta ga sojojin Iraƙi a asibiti suna fitar da jarirai bakwaini daga kwalabensu, suna yar da su a ƙasa su mutu.

Gidajen talabijin da jaridu suka yi ta yayata maganar. Shugaba George Bush ya yi ta maimaita ta. Hankalin Amurkawa ya tashi. A Janairun 1991 majalisar dattawansu ta yarda a tafi yaƙi, da ƙuri'a 52, masu ƙi 47. Rata kaɗan ce ƙwarai.

Sai a 1992 asiri ya tonu. Ashe yarinyar nan 'yar jakadan Kuwaiti ce a Amurka. Wani kamfanin talla, Hill & Knowlton, shi aka biya maƙudan kuɗi ya shirya farfagandar. Masu bincike ba su sami hujjar labarin ba. Amma fa an riga an gama yaƙi, an binne matattu.

Kada a ɗauka sojojin Iraƙi ba su yi ɓarna a Kuwaiti ba. Sun yi. Rediyon Bagadaza kuwa bai faɗa ba, nasa gefen shi ma ya ja. Laifin 'yan jaridan Amurka shi ne, labarin ya yi daidai da abin da suke so su ji, sai ba su tambayi ko 'yar wane ce ba.

To, haka abin yake a ƙauye. In an ji rikici tsakanin manoma da makiyaya, a kasa kunne. Da wa aka yi hira? In sarkin noma kaɗai aka ji, ina arɗo? A lura da kalmomi kuma. Wani gidan zai ce "an kai hari", wani ya ce "an yi ramuwar gayya", alhali abu ɗaya ne ya faru. Wanda aka ce ya rama, an riga an wanke shi rabi.

A san mai gidan rediyon. Na gwamna ba kasafai yake faɗin laifin gwamna ba, balle lokacin zaɓe. Mai rediyo ya murɗa tasha biyu ko uku, ya gwada. Labarin da ya zo ta waya ba sunan mai shi, a dakata da shi tukuna, kada a kai shi majalisa ko kasuwa.