Rubutaccen Shiri: Intanet Daga Sama, Lissafin Da Ya Kamata Mutumin Tambuwal Da Kebbe Ya Yi Kafin Ya Saya

Ga waɗanda data ba ta bari su saurari sauti, ga shirin a rubuce.

Wani ɗan uwa mai shagon kwamfuta da POS a Kebbe ya aiko mana da tambaya. Ya ce sabis ya dame shi, wani lokaci mutum yana tsaye da katinsa, an cire kuɗi amma takarda ba ta fito ba, sai rigima. Yana tunanin sayar da shanu biyu ya sayi Starlink, shin ya saya?

To Malam, kafin ka kai shanun nan kasuwa, zauna mu yi lissafi.

Da farko, mene ne shi wanga intanet na tauraron ɗan Adam? Wanda muka saba da shi, wayarka tana magana da ƙarfen sabis da ke kusa da kai. In ƙarfen ya yi nisa, ko man janaretansa ya ƙare, shi ke nan. A cikin garin Tambuwal ko Dogon Daji, da ke kan babban titin Sakkwato zuwa Jega, da sauƙi. Amma da zarar ka sauka titi ka nufi Kuchi ko Girkau, labari ya canza. Shi kuwa na tauraro, faranti ne ake kafawa a saman ɗaki, yana magana da sama kai tsaye, babu ruwansa da ƙarfe, babu ruwansa da waya ta ƙarƙashin ƙasa.

Iri biyu ne. Akwai masu nisa, kamar tauraron Najeriya NigComSat-1R da aka harba daga Sin a Disambar 2011, da irin na YahClick. Waɗannan suna can sama kusan kilomita 36,000. Saƙo kan ɗauki fiye da rabin daƙiƙa kafin ya je ya dawo, shi ya sa in kana kiran bidiyo sai ka ji kuna cin karo da maganar juna. Amma ga POS da tura takardu, suna aiki. Sai kuma masu kusa, irin Starlink na Elon Musk, da ke shawagi a wajen kilomita 550. Ya fi sauri nesa ba kusa ba. Ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, kuma mu ne na farko a Afirka.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Mutane suna kallon kuɗin faranti, suna mantawa da kuɗin wata. A Oktoban 2024 kamfanin ya sanar da ƙara kuɗin wata daga naira 38,000 zuwa 75,000, hukumar sadarwa ta NCC ta ce ba da yawunta ba, aka dakata. A 2025 farashin ya koma 57,000, babban farantin kuma yana wajen 590,000. Ka lissafa 57,000 sau 12, naira 684,000 ke nan. Kun gani? Kuɗin shekara ɗaya ya fi kuɗin farantin kansa. Saniya sau ɗaya ake sayar da ita, kuɗin wata kuwa ba ya fashi. Kuma farashin nan yana motsi, don haka ka duba na ranar da za ka saya.

Abu na biyu, wuta. Babban farantin yana cin wat 75 zuwa 100. Ƙaramin, wanda ake kira Mini, yana cin 25 zuwa 40. In garinku wutar lantarki baƙuwa ce, dole ka sa kuɗin sola da batir da inbata cikin lissafi. In ba haka ba, ka sayi doki babu ciyawa. Ga mai ƙaramin shago, Mini ya fi dacewa saboda wannan dalilin.

Na uku, wurin kafawa. Farantin yana son ya ga sararin sama babu shamaki. Dogon yaron da ke ba ka inuwa a ƙofar shago, shi ne zai riƙa katse maka sabis. Manhajar Starlink kyauta ce, kuma tana da wurin da za ka ɗaga wayarka ka auna sama tun kafin ka biya ko kwabo. Da damina, in aka yi ruwa mai ƙarfi, yana iya ɗaukewa na ɗan lokaci. Da hunturu kuma ka riƙa share ƙurar da ke kwanciya a kan sola.

Na huɗu, masu cewa "zan saya in riƙa sayar wa unguwa, kowa ya biya ɗari biyar." A yi hattara. Tsarin gida na amfanin gida ne, ƙa'idar kamfanin ta hana sake sayarwa ba da izini ba, kuma sayar da intanet a matsayin sana'a yana buƙatar lasisin NCC. In an rufe maka layi, wa za ka kai wa kuka?

Na biyar, na hannu. Kowane faranti a ɗaure yake da asusun mai shi. In ka sayi na hannu mai shi bai sake shi daga asusunsa ba, ka sayi faifai ne kawai. Ko dai a sake maka shi a gabanka, ko ka saya daga shafin kamfanin ko dillalin da ya amince da shi, irin su Jumia.

Sai batun da duk mun sani, tsaro. Ba mu manta da Satumban 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga. Mai faranti ba ya dogara da ƙarfen sabis, wannan gaskiya ne. Amma farin faranti a saman ɗaki yana shelar cewa akwai kuɗi a gidan. Ka kafa shi inda ido ba ya saurin kaiwa, ka yi rajista da sunanka na gaskiya, kuma kada ka saya wa wanda ba ka sani ba da sunanka.

To Malam, ga amsarka. Kafin komai, ka ari rauta, ka gwada layukan MTN da Airtel da Glo ɗaya bayan ɗaya, ka ɗaga ta a kan dogon ƙarfe na sati guda. Sau da yawa wannan kaɗai yana isar POS. In bai yi ba, ka ɗauki littafin shagonka ka duba, nawa kake asara a wata saboda rashin sabis? In asarar ta haura kuɗin wata da na wuta, kamar mai cika wa ɗalibai takardun makaranta da aikin intanet kullum, ko asibiti, ko makaranta, to saye ya yi. In ba ta kai ba, ka bar shanunka su yi ƙiba.

Wanda ya riga ya kafa a yankin Tambuwal ko Kebbe, ya faɗa mana yadda ya same shi da damina, sauran 'yan uwa su amfana. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.